Amsa ga mai tambayar abincin halal mai araha a Phnom Penh

Wa'alaikumus salam. Alhaji, ka ce za ka yi wata biyu a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, wajen sarin kaya, kana tsoron naman alade da tsadar abinci, har kana tunanin cika jaka da garin rogo da Indomie. Ka ɗauki garin kaɗan saboda kewar gida, amma kada ka yi abin da na yi a zuwana na farko. Sati uku ban ci komai ba sai biryani a gidajen abincin Indiyawa da 'yan Pakistan, kullum dala bakwai ko takwas. Aljihu ya ji jiki, kuma na kusa barin Kambodiya ban san ɗanɗanon tukunyarsu ba.

Ƙasar ta mabiya addinin Buddha ce, amma akwai Musulmi 'yan asalin wurin, yawancinsu ƙabilar Cham. Su za ka nema. Za ka same su a kewayen masallacin Al-Serkal da ke unguwar Boeung Kak, sai kuma Chrang Chamreh a bakin kogin Tonle Sap, kan babbar hanya mai lamba 5, inda ake kiran unguwannin da kilomita 7, 8 da 9. Adaidaita sahunsu, wato tuk-tuk, zai kai ka, kuma idan ka kira shi ta manhajar waya irin su PassApp ko Grab ka huta da ciniki.

Wurin da na fi so yana can wajen kilomita 8. Rumfa ce ta wata baiwar Allah mai hijabi, tebur biyar ko shida, kujerun roba, fanka ɗaya, tukwane jere a gaba. Kana buɗe murfi kana nuna abin da kake so. Wani dattijo da muka yi Juma'a tare ne ya ja ni can, daga ranar kuma na zama ɗan gida.

Fara da amok. Kifin ruwan daɗi ne ake haɗawa da madarar kwakwa da wani niƙaƙƙen haɗi da suke kira kroeung: ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasu ke sakawa a shayi, kurkum, tafarnuwa, ganyen wani irin lemon tsami, da wata saiwa 'yar'uwar citta. Sai a zuba a ganyen ayaba a turara shi kamar yadda muke turara alale. Laushinsa ma kusan na alale ne. Ba shi da yaji, domin mutanen nan ba sa cika barkono kamar maƙwabtansu na Tailan, a gefe ake ajiye maka shi. Da shinkafa nake biyan riyel 12,000 a kuɗinsu, wajen dala uku ke nan tunda dala ɗaya tana kusan riyel 4,000, shayi mai ƙanƙara kuma kyauta ne.

Ranar da ka yi marmarin nama, ka ce lok lak. Naman sa ne yanka-yanka a soye, kan latas da tumatir da albasa, wani lokaci da soyayyen ƙwai. Sirrin yana cikin ɗan kwanon da ake kawowa tare: gishiri, ruwan lemon tsami da masoro. Masoron lardin Kampot na ƙasar ya yi suna a duniya, kuma da ka tsoma nama ciki za ka gane dalili. Na sayo kilo guda na kawo gida, uwargida har yau tana tambayar yaushe zan koma.

Da safe akwai nom banh chok, taliyar shinkafa da romon kifi, a watsa mata kokwamba, furen ayaba da karan bado. Badon da muke gani a kududdufi, shi. Kusan dala ɗaya, ka ƙoshi har azahar.

Akwai kuma prahok, kifin da aka jiƙa da gishiri ya daɗe har ya ruɓa yadda ake so. Baƙi da yawa suna toshe hanci. Ni da na shaƙa sai na tuna daddawa, kuma aikinsu ɗaya ne a miya. Wanda ya tashi da miyar kuka ba shi da hujjar gudun prahok. Ka gwada shi a samlor machu, miya mai tsami da ake yawan yi da tsamiya.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne romo. Na taɓa shiga wani shago a tsakiyar gari na ce a ba ni kuy teav, wato taliyar shinkafa cikin romo, da naman sa. Naman sa kuwa aka ɗora a kai, amma sai da na yi nisa abokin tafiyata ya tambaya aka ce romon na ƙashin alade ne. Ba mugunta suka yi ba, haka ake dafa shi a yawancin wurare. Na yi istigfari, abin ya tsaya mini a rai kwanaki. Ka riƙe kalmomin nan: sach chrouk alade, sach ko naman sa, sach moan kaza, trey kifi. Bai sach chrouk da za ka ga ana rububinsa da safe shinkafa ce da alade. Amma ko ka iya kalmomin, a wajen Cham ne kawai nake cin nama hankali kwance. Mutanen da aka tilasta wa cin alade a mulkin 'yan kwaminisancin Khmer Rouge, tsakanin 1975 da 1979, aka kashe malamansu aka rusa masallatansu, ba sa wasa da maganar halal.

Ka riƙe ƙananan riyel a aljihu, don dalar da ta yage ko ta tsufa sau da yawa ba sa karɓa. Kuma ka je rumfar kafin ƙarfe ɗaya, musamman ranar Juma'a, domin ana saukowa daga masallaci amok ɗin yake ƙarewa. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka.