Bonet ɗin faiba da shok ɗin da ke ɗaga shi: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonni uku na zaɓa a wannan makon, dukkansu a kan ɗan ƙaramin shok ɗin nan mai iska da ke riƙe bonet idan an buɗe shi. Na farkon ne zai ɗauke mu lokaci.

Daga wani mai karatu a Abuja: “Malam, ina da BMW E46. Na yi odar bonet na kabon faiba, bakanike ya ɗaura, ya mayar da shok biyun da suka zo da motar. Bayan mako uku sai na ga kusurwoyin bonet ɗin ta wajen gilashin gaba sun ɗago sun fi fenda tsawo, ga kuma siririyar tsaga kusa da inda shok ya kama. Fanel bita ya ce jabu aka sayar mini. In mayar da shi ne?”

Ɗan'uwa, kafin ka yi rigima da mai kaya, yau ɗin nan ka je a cire shok biyun. Mai yiwuwa bonet ɗin ba shi da laifi, linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza.

Shok ɗin bonet bututu ne da aka matse iskar naitirojin a cikinsa, da ɗan mai kaɗan don santsi. Iskar ce ke tunkuɗo sandar waje. Idan ka goge jikinsa za ka ga lamba da harafin N a ƙarshe, kamar 250N ko 300N. Wannan shi ne ƙarfinsa a ma'aunin Newton, kuma kowane 10N ya yi kusan nauyin kilo 1. Kamfanin mota bai zaɓi lambar da ka ba. Ya auna ta ne daidai da nauyin bonet ɗin ƙarfe, wanda a matsakaiciyar mota yakan kai kilo 15 zuwa 20. Naka na faiba bai fi rabin haka ba, amma shok ɗin bai san an yi canji ba, yana nan yana tura kaya da ƙarfinsa na da.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba lokacin da bonet yake buɗe shok ya fi wahalar da shi ba. Sa'ad da aka rufe ne sandar take shigewa ciki gaba ɗaya, iskar ta ƙara matsuwa, ƙarfin ya ƙaru. Wato motarka tana ajiye a gareji da dare, shok yana tokare da bonet ɗin bai huta ba. Ƙarfe yana jure wannan har shekara ashirin. Faiba kuwa zare ne da aka daskarar da danƙo, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa da sunan kabon, shafin sama ne kawai kabon, ƙashin ƙasan faibagilas ne, wato zaren gilashi. Ɗan notin da shok ke kamawa ma binne shi aka yi a cikin danƙon. Tsagar da ka gani wurin ne ya fara gajiya.

Sai kuma zafinmu. Ƙarfin da aka rubuta a jikin shok a ma'aunin zafi na digiri 20 aka auna shi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana ƙara masa kusan kashi 3.5 cikin 100. Baƙin bonet da ya wuni a ranar watan Afrilu, ga inji a ƙarƙashinsa, ba abin mamaki ba ne ya kai digiri 70. Shok mai 300N ya koma wajen 350N ke nan tun kafin a lissafa matsewar rufewa. A daidai wannan lokacin ne kuma danƙon faiba yake yin laushi. Turawa ta ƙaru, juriya ta ragu, sai kusurwoyi su soma lanƙwashewa a hankali. Wanda ya ɗaura irin wannan bonet a Ingila zai iya shekara bai ga komai ba, kai kuma mako uku ya ishe ka.

Idan ka cire su, ka bar bonet ɗin a rufe na ɗan lokaci. Sau da yawa kusurwoyin sukan sassauto, ko da ba su koma daidai gaba ɗaya ba, sauran kuma a gyara ta wajen daidaita hinji da robobin da bonet ke zama a kansu. Tsagar a kai wa wanda ya san aikin faiba ya ƙara mata zare da danƙo ta ciki. Kada a bari a cike ta da bodifila a fesa fenti, za ta sake buɗewa.

In har kana son shok, lissafin mai sauƙi ne tunda wurin ɗaurawa bai canza ba. Ka ɗora tsohon bonet a sikeli, ka ɗora sabon. A ce tsohon kilo 18 ne, shok ɗinsa 300N kowanne, sabon kuma kilo 9. To 150N kowanne kake nema, mai tsawo ɗaya da na asali, a miƙe da kuma a matse. Tsawon nan kada ka yi wasa da shi, don shok ɗin da ya fi tsawo yakan ƙure kafin bonet ya gama rufuwa, ya zama tamkar ka sa ƙarfe ka danne. Kamfanoni irin su Stabilus da Suspa na Jamus suna yin su da ƙarfi iri-iri. Akwai kuma masu ɗan bawul da ake rage iskar kaɗan-kaɗan har a dace, sai dai wadda ta fita ba ta komawa, don haka a bi a sannu. Alamar an dace ita ce bonet ya tsaya a sama da kansa, amma ka iya sauke shi da hannu ɗaya ba tare da ka ga yana lanƙwasa ba.

Dabarar cire ɗaya a bar ɗaya, wadda bakanikai ke yawan ba da shawara, ni ban yarda da ita ba a motar da aka ƙera da biyu. Ƙarfin ya ragu, gaskiya ne, amma duk ya taru a gefe guda, sai bonet ya murɗe. Haka kuma idan wani ya ce zai huda shok ɗin ya rage masa iska, ka karɓe kayanka. Matsin da ke ciki ya ninka na tayar mota sau da yawa, yana iya raba mutum da idonsa.

Daga wani matashi a Kano: “Honda Civic gare ni, sandar ƙarfe ce ke tokare bonet ɗinta. Zan sa na faiba, kuma na ga ana sayar da shok biyu da ƙarafan ɗaurawa a intanet. Ina so in huta da sandar nan. Ya ka gani?”

Ƙanena, na fahimci sha'awar, bonet ya tashi da kansa abu ne mai ban sha'awa. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yawancin irin waɗannan kayan don bonet ɗin ƙarfe na asali aka auna su, in ka sa su a faiba ka faɗa matsalar mutumin Abuja da kuɗinka. Sandar da ka raina ba ta tura komai idan an rufe, ba ruwanta da zafi ko sanyi, kuma bonet mai kilo 8 ko yaro zai ɗaga shi. Abin dubawa kawai shi ne ramin da take shiga a ƙasan sabon bonet ɗin yana da kauri. In ka nace, ka nemi wanda ƙarfensa ke kama notin hinji, ba wanda za a huda faiba a ɗaura ba, kuma mai sayarwa ya faɗa maka lambar N kafin ka biya. Wanda ya kasa faɗa, ka wuce.

Ni da zan ba ka shawarar inda za ka fara sa kuɗin, makullan ƙari na gaban bonet zan ce, ko masu fil na tsohon yayi ko masu shafewa da jikin mota irin AeroCatch. Ƙugiyar da makulli ke kamawa a bonet ɗin ƙarfe haɗe take da ƙarfen, a na faiba kuwa sau da yawa danƙo ne ke riƙe da ita. A gudun kilomita 120 a hanyar Kano zuwa Zariya iska tana shiga ƙarƙashi tana ɗaga shi, shok mai ƙarfi kuma yana taya ta. Idan ƙugiyar ta ɓalle, bonet ya mari gilashi ya rufe maka hanya cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu ƙera irin wannan bonet, kamar Seibon na Amurka, suke cewa a sa fil. Wannan maganar rai ce, taka da ta waɗanda ka ɗauko. Kuma wajen rufewa kada ka sake shi ya faɗi kamar na ƙarfe, ba shi da nauyin da zai kulle kansa. Ka sauke shi a hankali, ka danna daidai saman makullin, sannan ka ja sama ka tabbatar ya kama.

Daga wata baiwar Allah a Jos: “Camry ɗina bonet ɗinta na asali ne. Da rana yana tsayawa, amma da safe idan na buɗe don duba mai sai ya sauko. Bakanike ya ce a sa na babbar mota mai ƙarfi, ko na Beljiyam.”

Hajiya, naki shok ɗin ya tsufa ne, iskarsa ta yoye ta wajen robar bakinsa. Ɗan abin da ya rage yana isa da rana, sanyin safiyar Jos kuma yana rage shi har ya kasa. Na babbar mota zai wahalar da hinji ya sa rufewa ta zama kokawa. Na Beljiyam kuwa ya riga ya ci shekarunsa a wata motar, araha ba ta ado. Ki sa a karanta lambar da ke jikin tsohon, a sayo sabo mai wannan lambar, a ɗaura shi yadda na asali yake. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar sandar da tsumma mai laushi, kada a shafa mata giris, kada kuma bakanike ya damƙe ta da filaya don ya riƙe bonet, karcen da zai bari shi ke yanka robar. Kafin a canza, ki ajiye ɗan katako a but, ki tokare da shi duk lokacin da za ki sa kai ƙarƙashin bonet.