Na sayi gem ya fito a lalace, mai shago ya ce ba a dawo da kaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina da ɗan gidan gem a Tudun Wada, Kaduna. Na sayi sabon faifan gem a wani shago cikin kasuwa kan naira dubu 85. Tun daren farko yake maƙalewa, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya, inda mutum ya tsaya ya goge. Washegari na mayar, mai shagon ya ce ai kowa ya san haka gem ɗin ya fito, mutum uku ma sun riga ni kawo kuka, in jira gyaran da kamfani zai turo ta intanet. Na jira sati uku, shiru. Yanzu ya nuna mini rasit, an rubuta "kayan da aka saya ba a dawo da su". A tsakanin nan yara sun ɗan buga sun biya ni. Ina da haƙƙin karɓar kuɗina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da bai sani ba, wannan babu saɓani a kansa, ba sai mun ja ba. Gem da ke ɗaukewa yana goge aikin mutum aibi ne a wurin masu sana'ar, kuma al'adarsu ita ce ma'auni. Amma ka tabbatar laifin na gem ɗin ne: ka gwada shi a wata na'urar, don zafi, ƙura da wutar da ke rawa suna sa na'ura ta yi irin wannan. Haka nan "bai yi daɗi kamar yadda na zata ba" ba aibi ba ne, ba a mayar da kaya a kansa.

Hukuncinka yana rataye ne a kan jimla ɗaya da ka rubuta, wataƙila ba ka ma kula da nauyinta ba: "kowa ya san haka ya fito, mutum uku sun riga ka." Da bakinsa ya shaida cewa ya san aibin. Idan waɗannan ukun sun zo kafin ranar da ya sayar maka, ya karɓi kuɗinka bai ce uffan ba, to ya ɓoye aibi, kuma wannan algus ne. Sai dai jimlar wuƙa ce mai kaifi biyu. Ya ce kowa ya sani. Kai fa? Masu gidan gem ba sa rabuwa da YouTube da zaurukan WhatsApp na 'yan sana'a. Idan ka ga ana ta kukan gem ɗin, ka ce bari in saya haka nan kafin maƙwabcina ya riga ni jan yara, to ka saya da sani, zaɓinka ya faɗi, babu abin da kake binsa. Wannan tsakaninka ne da Allah, ni ban ga zuciyarka ba. Sauran amsar na gina ta ne a kan cewa ba ka sani ba.

Yanzu rasit. Akwai masu cewa tunda an rubuta ba a dawo da kaya, ka karɓa ka tafi, to ka yarda, "musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu". Har suna jingina da mazhabar Imamu Abu Hanifa, wadda ta inganta ciniki da sharaɗin mai sayarwa ya kuɓuta daga kowane aibi. Hujjarsu ita ce mayar da kaya haƙƙin mai saye ne, mutum kuma yana da ikon sarayar da haƙƙinsa. Wannan ra'ayi ne na manyan malamai, ba ma raina shi, amma ba shi ne mai rinjaye ba, kuma ko da shi ne, bai wanke mai shagonka ba.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da irin wannan sharaɗi. Mai sayen ya tarar da ciwo a jikin bawan, aka kai magana gaban Halifa Usman ɗan Affan. Usman bai ce "ai an yi sharaɗi" ya sallame su ba. Ya nemi Ɗan Umar ya rantse cewa bai san da ciwon ba lokacin da ya sayar. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke ya sayar da shi 1,500. Ka ga abin da alƙali ya bincika shi ne sanin mai sayarwa. Don haka a wurin Malik sharaɗin ba ya amfanar wanda ya san aibi ya ɓoye, kuma a mashhurin mazhaba ba ya ma aiki a kayan kasuwa irin wannan. Hadisin sharuɗɗa da suke kafa hujja da shi, ba ya ɗaukar sharaɗin da ya halatta haram, ɓoye aibi kuwa haram ne har a wurin Hanafawan. Sannan yafe haƙƙi yana buƙatar yarda ta gaskiya. Rasit bayan ka biya ake miƙo maka shi. Ta yaya rubutun da ka gani bayan an gama ciniki zai zama sharaɗin cinikin? Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ma ya yi fatawa cewa wannan rubutu na "ba a mayarwa, ba a canzawa" ba ya tilasta wa mai saye riƙe kaya mai aibi. Dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ita ma ta ba da damar mayar da kaya mai lahani.

Idan ya ce "ba ni na ƙera ba", gaskiya ne, amma shi ya karɓi kuɗinka. Kai ka koma kansa, shi ya koma kan dilansa. Ɓare ledar faifan ma ba ya hana mayarwa, tunda ba a ganin aibin sai an buɗe.

Su kansu manyan kamfanonin sun san da haka. A Disamba 2020 kamfanin CD Projekt na Poland ya saki gem ɗin Cyberpunk 2077 a lalace a kan na'urorin PlayStation 4 da Xbox One, ya fito ya ba da haƙuri cewa bai nuna wa mutane yadda yake a waɗannan na'urori ba kafin a saya. Sony, mai ƙera PlayStation, ta cire shi daga shagonta na intanet, ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yuni 2021. Wannan daidai yake da tunkiyar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mai sayenta zaɓi. Na kawo shi don misali kawai, gem ɗin kansa akwai tsiraici a ciki, kada ya shiga shagonka.

Sati ukun da ka jira ba su cutar da kai ba. Malamanmu suna ɗaukar dogon shiru bayan ganin aibi a matsayin yarda, amma kai washegari ka koma, shi ya ce ka jira. Kuɗin da yara suka biya naka ne, domin amfanin kaya na wanda asararsa ke wuyansa ne. Duk da haka ka cire faifan ka ajiye daga yau, kada ci gaba da cin kuɗinsa ya zama hujja a kanka. Zaɓinka biyu ne kamar yadda yake a Risala: ka mayar ka karɓi kuɗinka cif, ko ka riƙe ba ka bin komai, sai in kun yi sulhu a kan ragi, kuma sulhun ya fi mini. Idan gyaran ya iso kafin ka mayar, gem ɗin ya daidaita, to aibi ya gushe, mayarwa ta faɗi. Ka fara da shugabannin layinsu a kasuwa kafin hukuma, ka je da wani dattijo, kada ka tara masa jama'a a bakin shago.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarka. Ka ce yara sun buga sun biya. Ka gaya musu gem ɗin yana ɗaukewa kafin ka karɓi kuɗinsu? In ba ka faɗa ba, abin da aka yi maka ka yi musu. Wanda gem ya ɗauke masa a tsakiyar lokacinsa, ka cika masa ko ka mayar masa da canjinsa, ko da naira 100 ce, yawancinsu kuɗin tara ne suka hana cikinsu.

Nan gaba kada ka biya kuɗin gem tun bai fito ba saboda talla, ka bari kwana kaɗan a ji bakin waɗanda suka buga. In ta intanet za ka saya, ka san ƙa'idar wurin: shagon gem na Steam na mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba a buga fiye da awa 2 ba. Wanda ke amfani da wannan don ya ɗanɗana kyauta ba da niyyar saye ba, ko ya ce wa banki ba shi ya cire kuɗin ba alhali shi ne, ya ci haram, kasancewar kamfanin na waɗanda ba musulmi ba bai halatta masa ba. Shagonka kuma amana ce: ka hana sa kuɗi a kan wa zai ci, wannan caca ce ko an kira ta wasa, ka kashe na'ura in an kira salla, kuma yaron da ka gani da kayan Islamiyya a lokacin karatu ka kora shi makaranta.

Allah ya sa albarka a sana'arka. Wallahu a'alam.