Tambaya da Amsa: Wace manhajar taswira ce za ta nuna mini hanya a kan keke inda babu sabis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Kano ne, kuma ni da abokaina mukan hau keke ranar Asabar mu yi wajen Kura da Bunkure, wani lokaci har Rano. Kwanakin baya na rabu da su a cikin gonakin rani na Kadawa, sabis ya ɗauke, taswirar wayata ta daina nuna hanya, ban fito bakin kwalta ba sai bayan magariba, ga ruwan shana ya ƙare. Wani mai gyaran waya ya ce mini GPS ba ya aiki sai da data, don haka in sayi layi na biyu. Yanzu har tsoron fita nake ji. Wace manhaja zan saka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da arziki. Wanda ya san hanyoyin da ke bin gefen magudanan ruwa na Kadawa ya san yadda suke kama da juna, musamman idan rana ta yi ƙasa, saboda haka tsoronka yana da dalili.

Ka saka Organic Maps ko OsmAnd. Dukansu biyu sun dogara ne da taswirar OpenStreetMap, wadda masu sa-kai suke zanawa tun 2004, kuma dukansu suna lissafa hanyar keke a cikin wayar kanta ba tare da neman intanet ba. Organic Maps kyauta ce, babu talla, kuma ba ta da wuyar sha'ani, ita nake ba wanda yake son ya sauke taswira ya kama hanya. OsmAnd ta fi ta zurfi: tana bambance kwalta da burji da turba idan an shigar da bayanin, tana bari ka ce ta kauce wa manyan tituna, tana kuma bin layin tafiya na GPX, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zanen hanya, da abokinka ya turo maka. Sai dai saitunanta suna da yawa har su gundiri mutum, kuma ta kyautar sau bakwai kawai take bari ka sauke taswira kafin ta nemi kuɗi. Komoot ta Jamus tana da kyau wajen tsara tafiya, amma ƙarfinta yana inda mahaya suka yi yawa kamar Turai, kuma sauke yankuna da kuɗi ne. Google Maps kuwa, ko ka sauke yanki, shafin taimakonta da kansa ya bayyana cewa idan babu intanet hanyar mota kaɗai take bayarwa, banda ta keke da ta ƙafa.

Yanzu bari in koma kan maganar mai gyaran wayar nan, domin ita ce ta fi damuna, kuma kusan kullum sai na ji irinta. GPS ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, ba ya ma buƙatar layi a cikin wayar. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, suna watso saƙon lokaci da matsayinsu dare da rana, wayarka kuwa saurare kawai take yi kamar rediyo. Da zarar ta ji huɗu daga cikinsu, ta san inda take. Yawancin wayoyin yanzu ma suna ƙarawa da wasu taurarin irin na GPS, wato GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Babu kamfanin waya ko ɗaya da ke da hannu a wannan, kuma wanda ya ce ka sayi layi na biyu domin GPS, ko bai san aikinsa ba ne, ko yana da layin sayarwa.

Abin da ya ɗauke maka ranar nan abu biyu ne daban: hoton taswirar, da kuma lissafin hanyar. Wayarka ta san inda kake sarai, shi ya sa na tabbata shuɗin ɗigon nan mai nuna wurinka yana nan a kan allo, amma yana zaune a kan fili fayau, babu titi babu sunan ƙauye, domin manhajar tana ɗebo taswirar ne kaɗan-kaɗan daga intanet yayin da kake tafiya. A nan ne kuskuren yake zama haɗari, saboda yana da fuska biyu. Wanda ya yarda cewa GPS sai da data, idan sabis ya ɗauke sai ya jefa wayar a aljihu ya shiga lalube, alhali abin da zai fid da shi yana hannunsa. Ɗaya kuma, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne mai cewa ai ya buɗe taswirar a gida ya duba hanyar, don haka ta zauna a waya. Ba ta zauna ba. Ɗan abin da manhaja ta riƙe na wucin gadi ne, tana iya share shi ba tare da sanarwa ba, kuma ko bai goge ba, da zarar ka saki layin da ta zana maka ka bi wata kwana, sabon lissafi take so ta yi, lissafin kuwa a kwamfutocin kamfanin ake yin sa, ba a wayarka ba. Wato daidai lokacin da ka ɓata, lokacin da ka fi buƙatarta, shi ne lokacin da za ta tsaya tana juyi.

Gaskiya ɗaya tak ke cikin jita-jitar, kuma ita ce take ruɗar mutane: data tana hanzarta kamun farko, domin wayar tana samun jadawalin taurarin ta intanet cikin daƙiƙoƙi. Idan babu data, daga taurarin kansu take karɓar sa, wanda kan ɗauki minti ɗaya zuwa 'yan mintuna a fili, ya fi haka a ƙarƙashin rufin kwano. Mutum ya tsaya cikin shago ya jira daƙiƙa goma, ya ga shiru, shi ke nan ya fito yana yaɗa cewa GPS ya mutu. Haka nan ina roƙonka ka guji manhajojin da ake tura wa mutane a kasuwar waya da sunan wai an fasa su sun zama kyauta, ko wai suna ƙara ƙarfin sabis. Manhajar taswira tana sanin duk inda ka taka, har ƙofar gidanka, kuma ban ga hikimar miƙa wannan ga wanda ba ka san ko wane ne ba, alhali ta gaskiyar kyauta ce a Play Store.

Kada ka yarda da maganata ma sai ka gwada. Ka sauke taswirar yankinka a gida, ka sa wayar a yanayin jirgin sama, ka bar alamar wuri a kunne, ka fita tsakar gida, ka zaɓi keke, ka ce ta kai ka Bunkure. Sannan ka hau ka saki hanyar da gangan a unguwarku ka ga ko za ta sake lissafi. Manhajar da ta ci wannan jarrabawa ita ce taka.

Caji ne abu na gaba da yake kayar da mahaya. Allo a kunne cikin rana shi ne babban mai shan batir, sai kuma wayar da ke ta neman sabis inda babu shi, don haka yanayin jirgin sama yana taimako a daji. Wayar da aka ɗaure a kan keke cikin zafin Afrilu tana iya rage haske ko ta kashe kanta, saboda haka ya fi kyau ka kashe allon ka bi murya. Wayoyin Android da yawa, har da Tecno da Infinix da suka cika hannun jama'armu, suna da tsarin tanadin batir da ke rufe manhaja idan allo ya mutu, sai ka shiga saituna ka cire manhajar taswirar daga ciki. Ka kunna naɗar sawu, wato manhajar ta riƙa zana duk inda ka bi, tun daga gida, domin ko turbar da ka bi ba ta cikin taswira, layin sawunka zai mayar da kai inda ka fito.

Kuma ka sani taswirar karkararmu ba ta cika ba. Ba ta san kwalbatin da ruwa ya cinye a daminar bara ba, ba ta san turbar da ta koma yashi ba, ba ta kuma san yankin da mutanen gari suka daina bi saboda matsalar tsaro ba. Wannan sai mai faci ko mai shayi na bakin hanya, kuma mai tambaya ba ya ɓata. Kafin sabis ya ɗauke, ka tura wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da kuke sa ran dawowa, ku kuma sa alama a taswirar kowannenku a wuri ɗaya, misali tashar motar Kura, wanda duk ya rabu da ayari ya nufi can ya jira.