Amsoshin Tambayoyinku: Takardun da Matashi Zai Tanada Kafin Ya Fara Koyon Tuƙi

Duk shekara, da an gama jarrabawar WAEC da NECO yara sun zauna gida suna jiran shiga jami'a, tambayoyi kan koyon mota suke cika mini akwati. Na zaɓo biyar daga ciki, na taƙaita wasu saboda tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, shekararsa 17 da wata huɗu. Ina so ya koyi mota kafin makaranta ta ɗauke shi. Waɗanne takardu zan haɗa masa? Wani ejan ya ce in ba shi kuɗi ya yi masa takardar rantsuwar kotu a ƙara masa shekara ɗaya, komai ya tafi daidai. (Baban Abba, Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in fara da maganar ejan, don ita ta fi hatsari. Kada ka ba shi ko sisi. A Najeriya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi izinin tuƙa motar gida, na haya kuwa sai 26. Na san yara suna ganin takwarorinsu na Amurka suna tuƙi tun suna 16, na Ingila kuma daga 17, sai su ɗauka ko'ina haka ne. Kowace ƙasa da dokarta.

Dabarar ƙara shekara ma zamaninta ya wuce. Tun ƙarshen 2020 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, ga duk mai neman lasin. Ɗanka kuwa tabbas yana da ita in ya rubuta JAMB, domin tun 2021 ba a rajistar jarrabawar sai da ita. Ranar haihuwar da ke jikin NIN ɗinsa ita kwamfuta za ta duba, ba wadda aka rantse a kanta jiya ba. In ejan ya ce zai taɓa NIN ɗin ita ma, to nan ne za ka shiga uku, saboda ranar da ke cikinta za ta saɓa da ta sakamakon WAEC da ta JAMB, gobe kuma a zo yin fasfo ko rajistar bautar ƙasa a yi ta kai ruwa rana. Saboda wata takwas kacal za a ɓata wa yaro takardun da zai yi amfani da su har tsufansa. Ga kuma rantsuwa a kan ƙarya, wadda laifi ce a doka, zunubi ce a addini.

Ka yi amfani da watannin nan ka haɗa masa kayansa. Na farko takardar NIN. Idan tun yana ƙarami aka yi masa, bai kai 16 ba, ya koma ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a ɗauki zanen yatsunsa a sabunta hotonsa, don wanda aka yi wa yana yaro ana jingina shi ne da ta iyayensa. Na biyu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Katin da asibiti ke bayarwa ranar sallama ba ita ba ce, mutane da yawa suna rikita su. In ba a yi masa ba, yanzu ne ya fi sauƙi, tun bai cika 18 ba. Bayan nan sai dai takardar tabbatar da haihuwa, wadda sai an haɗa da rantsuwar kotu kafin hukumar ta bayar. Sai hotunan fasfo sababbi, a wanke da ɗan yawa tunda kowane tebur sai ya karɓi nasa. Ya san rukunin jininsa daga gwajin asibiti, kada ya rubuta na ƙiyasi, don ana bugawa a jikin lasin kuma ranar tsautsayi ake dubawa. A gwada masa ido. Yara da yawa ba su san ganinsu na nesa ya raunana ba sai an ce su karanta allo. In tabarau yake buƙata gara a yanka masa tun yanzu ya saba da shi. Da ya cika 18 kuma sai lambar waya tasa ta kansa, wadda aka haɗa da NIN ɗinsa, ba ta mahaifiyarsa ba.

Ranar da ya cika 18 sai a sa shi makarantar koyon tuƙi wadda FRSC ta amince da ita, a yankar masa takardar izinin koyo a ofishin lasin da ke ƙarƙashin hukumar tattara haraji ta jiha. Wa'adinta wata uku ne, ana sabuntawa. Kuɗinta kowace jiha da nata, kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ka karɓi rasidin gwamnati. Makarantu da yawa su suke yanko wa ɗalibansu, amma ka ce a damƙa maka takardar a hannu ka ga sunansa a jiki.

Kafin lokacin ba laifi ya sami littafin ƙa'idojin hanya na FRSC ya yi ta bita, ya koyi duba mai da ruwa da canja taya. Sitiyari dai a bakin titi, a'a.

Tambaya: Ni budurwa ce, shekarata 19. A takardar haihuwata an rubuta sunan mahaifina Muhammad, a NIN kuma Mohammed, sannan an sa sunan garinmu a matsayin suna na uku. Makarantar tuƙi ta ce ba matsala. Da gaske ne? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yata, a wurinsu ba matsala, tunda kuɗin rajista suke so ki biya yau. Matsalar tana jiranki a gaba. Sunan da makaranta ta shigar a kwamfuta shi zai fito a takardar shaidar kammalawa, da lambar wannan takarda kuma ake buɗe fom ɗin lasin, sannan a gwada bayanan da na NIN. In ba su dace ba sai aikin ya tsaya, ki koma kina zarya tsakanin makaranta da ofis.

Wannan ciwo namu ne na Arewa. Mai kafen intanet ya rubuta Aisha, malamin firamare ya rubuta A'ishatu, wani ya mai da sunan uba na farko, wani ya liƙa sunan unguwa. Abin da za ki yi shi ne ki shimfiɗa takardunki duka a tabarma: ta haihuwa, NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar shiga makaranta. Ki duba wane rubutu ne ya fi rinjaye. Idan NIN ta dace da takardun karatunki, ki bar ta yadda take, ki sa makarantar tuƙi ta kwafi sunan daga jikinta harafi bayan harafi, da jerin da ya zo, ki tsaya a kan mai bugawar har ki gani da idonki kafin ya tura. Idan kuwa NIN ce ta fita daban, ki gyara ta tukuna ta hanyar NIMC. Gyaran suna ana biya, yana kuma ɗaukar lokaci, amma ya fi gyaran ranar haihuwa sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Sai an gama gyaran ya fito ki je ki yi rajistar tuƙi.

Tambaya: Muna da direba a gida wanda ya shekara ashirin yana tuƙi. Me zai sa in kashe kuɗi a makarantar koyon mota alhali zai koya wa yaron kyauta? In kuma dole ne, yaya zan gane ta ƙwarai? (Hajiya, Kaduna)

Amsa: Hajiya, direbanki zai iya fin malamin makarantar iya mota, ban musa ba. Abin da ba zai iya ba shi ne bai wa yaron takardar shaida. A tsarin FRSC mai neman lasin karon farko dole ya fito daga makarantar da aka tantance, ya halarci darasi aƙalla 26, kowanne a shigar da shi a rumbun hukumar. In babu lambar wannan shaida fom ɗin ma ba zai buɗe ba. Saboda haka makaranta ba zaɓi ba ce. Direban gida ƙari ne, ya riƙa fita da shi da yamma bayan an yanki takardar koyo.

Akwai kuma abin da tsofaffin direbobi ke gadar wa yara ba da niyya ba: shiga shataletale da ƙarfin hali, ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, ɗaukar hon a matsayin birki, ɗaura bel sai an hango jami'ai. Wanda ya koya a tasha hannunsa ya faɗa, amma sau da yawa alamomin hanya rabi ya sani.

Wajen zaɓe, kada allon bakin titi ya ruɗe ki. FRSC tana da jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, jiha-jiha, kuma ofishinsu mafi kusa zai gaya miki. Ki je da kanki ki leƙa. Ki buɗe ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja ki duba ƙasa: motar koyo ta gaskiya tana da birki na biyu a gaban malami, wanda zai taka in ɗalibi ya rikice. In ba ki gan shi ba, motar gida ce aka yi wa fenti. Ki tambaya ko suna da aji da allon alamomin hanya, da kuma minti nawa ɗalibi yake yi riƙe da sitiyari a kowace fita. Wasu sukan cusa yara huɗu a mota ɗaya su fita awa guda, kowa ya sami rubu'in awa, a rubuta an yi darasi. Ki tambaya ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da mai da takardar koyo da takardar shaida, a rubuta miki a rasidi, don a nan ake yawan yin rigima a ƙarshe.

Wadda ta ce ki biya kawai, ba sai yaro ya zo ba, bayan wata guda a ba ki shaida, ki tashi ki bar wurin. Takardar za ta iya fitowa, amma ɗanki ne zai hau titin Kaduna zuwa Zariya da ita a tsakanin tireloli.

Ni a ganina ya koya da mota mai giyar hannu ko da ta gidanku otomatik ce. Wanda ya iya kuloci zai tuƙa kowacce cikin kwana biyu, wanda ya fara da otomatik kuwa sai ya sake zama ɗan koyo. In mace ce kuma kina son malama, ki tambaya tun farko. A manyan garuruwa ana samu.

Tambaya: Na yanki takardar koyo. Zan iya ɗaukar motar yayana in riƙa zagayawa cikin unguwa ni kaɗai? (Wani matashi daga Gusau)

Amsa: A'a, ƙanena. Takardar koyo ba lasin ba ce. Sharaɗinta shi ne mai cikakken lasin yana zaune kusa da kai, ba a kujerar baya yana danna waya ba, kuma an maƙala jan harafin L a gaban motar da bayanta, abin da muke cewa lana. Na san samari suna jin kunyarta, wai za a raina su. Ita ce take sa mai Adaidaita Sahu da ke bayanka ya ba ka tazara in mota ta mutu maka a danja. Kada ka cika motar da abokai. Ɗan koyo ba ya ɗaukar fasinja.

Ita ma motar da nata takardun: lasin mota da bai ƙare ba, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota ta VIO, wato ofishin duba lafiyar motoci, da inshora. Mafi ƙaranci ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma tun Janairun 2023 kuɗinta na motar gida naira 15,000 ne a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wanda ya kawo muku ta dubu uku ko biyar, takarda kawai ya buga muku. Ka ce wa yayanka ya duba lambar motarsa a rumbun inshora na ƙasa, NIID, ta waya ma ana yi. Kuma ka sani ko inshorar ta gaskiya ce, in ka buge motar wani kana kai kaɗai da takardar koyo, ka ba kamfani hujjar ƙin biya, yayanka ne zai sayar da abin hannunsa.

Tambaya: In an gama koyo, lasin na shekara uku ya fi ko na biyar? Kuma akwai mai cewa zai kawo mana har gida ba sai yarinyar ta je ofis ba. (Maman Ummi, Bauchi)

Amsa: Na biyar ya fi. A farashin da ya fara aiki a watan Yunin 2025, na mota naira 15,000 ne na shekara uku, 21,000 na shekara biyar, ka ga na farko ya kama dubu biyar a shekara, na biyu dubu huɗu da ɗari biyu, ga hutun layi. Na babur da mai ƙafa uku 7,000 ne da 11,000. Rukunin da za ta nema na motar gida shi ne B. Za a iya samun 'yan kuɗaɗen jiha na gwaji a kai, su ma da rasidinsu.

Na kawowa gida kuwa, Maman Ummi, lasin farko ba ya yiwuwa sai mai shi ta bayyana. Bayan an cike fom an biya, jami'in VIO zai gwada tuƙinta, sannan ta zauna gaban na'urar FRSC a ɗauki hotonta da zanen yatsunta da sa hannunta. A tsarin da aka saba a baya, nan take ake ba da na wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Katin da aka kawo ba tare da ta zauna gaban na'urar nan ba jabu ne, ko da ya fi na gaskiya sheƙi, kuma jami'i na buga lambarsa a waya zai ga babu shi. Ranar zuwa ta tafi da takardun asali da kwafi bibbiyu na kowacce a cikin fayil, da takardar koyon da shaidar makaranta, da tabaranta in tana sawa, ta kuma yi sammako. In akwai biki a gaba, a ɗaga ƙunshi sai bayan an ɗauki yatsun, domin lalle mai kauri yakan sa na'urar ta yi gardama.