Zuwa ga ɗana da ke karatu a Madrid, kan maganar gidan cin alade

Ɗana, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta kunna mini muryarka bayan isha, sai da na sa ta maimaita. Da farko murmushi na yi, a ji na biyu kuwa jikina ya ɗan yi sanyi. Ka ce malaminku zai kai ku Segovia cin abinci don murnar kammala bincikenku, gidan abincin kuma ba abin da ya yi suna da shi sai gasasshen ɗan alade mai shan nono, wanda yake yin laushin da ake yanka shi da gefen faranti, daga baya a fasa farantin a ƙasa ana tafi. Kana tambaya ko ka saɓa wa al'adarmu in ka bi su ka zauna, ka ci kifi ko ganye kawai.

Al'ada ka ce. Naman alade dai ba mu muka hana kanmu ba, yana nan cikin Baƙara, aya ta 173, ka wanke ta a allo tun ba ka kai tsawon sandata ba. Na san ba cin kake tambaya ba, zaman ne ya dame ka.

Ka tuna mini da 1974, ina saurayi, ina aikin reluwe a Kafanchan. Akwai abokin aikina ɗan Kagoro, Kirista, tare muke kwana a bakin inji. Da zai yi aure ya ce lallai sai na zo. Na hau kekena da sanyin hunturu, hazo ya lulluɓe dutsen Kagoro har ba a ganin kansa. Ina shiga unguwar, ƙaurin babbaka ya tare ni. Na duba gefe, sai ga samari sun kewaye ƙaton alade a kan wuta suna kankarewa. Wallahi ƙafata ɗaya tana ƙasa, ɗaya tana kan feda, ina neman ƙaryar da zan yi in juya.

Sai tsohuwarsa ta hango ni. Mace ce 'yar ƙarama, ta ɗaura zane a ƙirji, hannunta duk toka. Ta ce, “Kai ne na Kano? Zo, kai muke jira.” Ta ja ni bayan rumbu, nesa da hayaniya. Can na tarar da bunsuru a ɗaure, da wuƙa an wasa ta, da sabuwar tukunyar ƙasa wadda ko wuta ba ta taɓa gani ba, da sabon ludayi, an kafa murhu daban da duwatsu uku. Ta ce, “Yanka da hannunka, yadda kuke yi.” Ashe tun wata guda da ya wuce ta tsare ɗanta da tambaya: abokin nan naka me yake ci, me ba ya ci? Na fuskantar da bunsurun gabas, na yi bisimilla, hannuna na rawa. Mu uku ne Musulmi a bikin. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, aka kawo tuwon acca da romon akuya, tulun burkutu kuma ko kusa da mu bai zo ba. Da azahar ta yi, ita da kanta ta kawo mini ruwan alwala a ƙwarya, ta kori yara daga gabana. Ango ya baro mutanensa ya zo ya sa hannu a kwanonmu. Shekara hamsin ke nan, ɗanɗanon romon nan bai bar bakina ba. Bayan rikicin addini na Kafanchan a 1987 irin wannan zuwa da dawowa ya ja baya, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Da na koma gida na ba kakanka labari, sai ya ce, “Da ka juya da ka zubar da mutuncin tsohuwa. Da kuma ka ɓoye wa ɗanta ko kai wane ne, da ba ta san za ta sayi tukunya ba.” Shi ne mai yawan cewa, in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura, sai ya ƙara da nasa: tsumma aka ce, ba a ce ka tsiro da wutsiyar ba.

Abin da ya sa jikina sanyi a saƙonka shi ne inda ka ce kana jin nauyin gaya wa malamin, kada ya ga kamar ka raina abincinsu. Wata nawa kuna tare, bai san ba ka cin alade ba? Ku yaran yanzu kuna iya faɗa wa duniya a Facebook abin da kuka karya kumallo da shi, amma kalma biyu a gaban mutum ta gagare ku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada kuma ka je kana yatsina fuska. Cinyoyin aladen nan da ka turo hotonsu a rataye a rufin kanti, waɗanda suke kira hamon, gishiri ake turbuɗa su a ciki, a rataye su, wasu har shekara biyu ko uku, kafin a yanka. Yadda muke tinƙaho da kilishi haka suke tinƙaho da su. Mutum ya ɗauko abin da ya fi so ya ce zo mu ci, ai karramawa ya nufa.

Ka kuma san ƙasar da kake takawa. Muwaɗɗar da muke karantawa a zaure, riwayar Yahaya ɗan Yahaya ce, mutumin Andalus, wato Sifaniya a zamanin mulkin Musulmi. Ishiriniyar da kakarka take rerawa, ta Alfazazi ce, shi ma daga can ya fito. Bayan faɗuwar Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can, a 1492 aka tilasta wa Musulmin ƙasar barin addininsu, har ya zama ƙin cin alade kaɗai ya isa maƙwabci ya kai ƙarar mutum kotun coci, kafin a fara korarsu ɗungurungum a 1609. Su ɓoyewa ta zame musu dole. Kai kuwa ga babban masallaci a Madrid tun 1992, ba mai ɗaure ka don ka ce ba ka ci.

Batun ganye da kifi, kada ka saki jiki. Kai da bakinka ka gaya mini suna barbaɗa hamon a kan wake da miyar tumatir, har wasu kayan fulawarsu da kitsen alade ake kwaɓawa. To gidan da sana'arsa ke nan fa, ina ga tandarsa da wuƙaƙensa? An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ƙoren Ahlul Kitabi, ya ce in an sami wasu kada a ci a cikinsu, in ba a samu ba a wanke a ci. Akwai kuma hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, su kuwa na ji ba sa cin wannan gashi sai da ita. Wannan ka kai wa limaminku na can, ya fi ni sanin yadda zamanku yake.

Ni dai da ni ne, gobe da safe zan sami malamin shi kaɗai a ofis, in yi masa godiya, in gaya masa gaskiya tun kafin ya kama wuri. Na ji mutanen yankin sun iya gasa ɗan rago ma, amma wa ya yanka shi, wannan wata tambayar ce. Ka ga abin da zai ce, sai ka kira ni.

Innarka ta sa an yi maka kilishi da yaji, ɗan maƙwabcinmu zai taho da su in ya tashi. Ka ɗebar wa malamin kashi mai kyau, ka naɗe a takarda mai tsabta, ka miƙa masa da hannu biyu. In kuma kun je Segovia, ka ɗauko mini hoton doguwar gadar ruwan nan ta Rumawa da aka ce an jera duwatsunta ba laka ba siminti, ina so in gani da idona.

Baffanka.