An ce in ɓoye fawa bank a babban akwati kada a ƙwace, shin in bi shawarar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mako mai zuwa zan yi doguwar tafiya a jirgin sama, har da sauya jirgi a hanya. Ina da wayoyi biyu, da laftof, da fawa bank mai 30,000mAh. Wanda ya yankar mini tikiti ya ce in kashe fawa bank ɗin, in naɗe shi a tufafi, in cusa a tsakiyar babban akwatin da za a auna, don kada masu bincike su ƙwace. Wata ƙawata kuma ta ce yanzu an hana cajin waya a jirgi kwata-kwata. Hankalina ya ƙi kwanciya, ina tsoron a tsayar da ni ko in jawo wata masifa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da kika tambaya kafin ki rufe akwatin. Shawarar da mai tikitin nan ya ba ki ita ce mafi muni da za a iya bai wa matafiyi a wannan fanni, kuma kullum sai na ji ta a bakin wani. Fawa bank, da duk wani batirin lithiyom da ba a cikin na'ura yake ba, a jakar hannu ake ɗaukarsa, ya shiga ciki tare da ke. Ƙa'idar ICAO (hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya) da IATA (ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya) ke nan, kuma kamfanonin jiragen fasinja a kanta suke.

Mutane suna ɗauka cewa an kafa dokar ne don a takura musu, shi ya sa suke neman hanyar zagaye ta. Suna kuma ɗauka cewa abin da aka kashe ya mutu. Maɓallin da kika danna fitar wuta kawai ya tsayar, ƙarfin da ke ƙunshe a batirin yana nan daram. A cikin kowane ƙwayar batir akwai wata 'yar leda siririya da ta raba ɓangarori biyu. Idan ta huje, ko don an danne batirin, ko ya sha faɗuwa, ko tun daga masana'anta yake da lahani, sai ya fara zafi da kansa. Zafin ya kama ƙwayar da ke kusa, ita ma ta kama ta gaba, ga hayaƙi mai guba, ga tartsatsi. Ki tuna yadda ake wurgi da akwatuna, a ɗora wani kan wani. Tufafin da aka ce ki naɗe shi da su kuwa makamashi ne kika tara wa wutar, kamar mai ajiye garwashi a cikin auduga.

Idan wannan ya faru a inda fasinjoji suke, wani zai ji ƙauri, wani zai ga hayaƙi. Ma'aikatan jirgi an horar da su: su kashe harshen wutar, su yi ta kwarara ruwa har batirin ya huce, sannan su nutsar da shi a mazubi su sa masa ido har a sauka. A ma'ajiyar kaya ta ƙasan jirgi fa? Babu mai iya sauka can jirgi yana sama. Akwai iskar Halon da ake saki, tana danne harshen wuta, amma ba ta sanyaya batir, zai iya ci gaba da dahuwa a ciki. Matuƙi ba shi da abin yi sai neman fili mafi kusa, kuma idan kuna tsakiyar teku ne, fili mafi kusa ba kusa yake ba.

A ranar 28 ga Janairun 2025, a filin jirgin Gimhae da ke Busan a Koriya ta Kudu, wuta ta tashi a ma'ajiyar da ke saman kujeru a wani jirgin Air Busan yana shirin tashi. Mutum 176 da ke ciki duk sun fita da ransu ta hanyoyin gaggawa, amma rufin jirgin ya cinye. Masu bincike sun karkata ga cewa fawa bank ne ya haddasa ta. Jirgin yana ƙasa, ƙofofi suna kusa, motocin kashe gobara suna nan, amma dubi ɓarnar. Tun a 2010 wani jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta kama a kayan da ke ɗauke da batiran lithiyom, matuƙansa biyu suka rasu. Daga 2016 ICAO ta hana a yi dakon irin waɗannan batira a matsayin kaya a jiragen fasinja. To wane ne mai yankan tikiti da zai ce miki ki cusa naki a can? Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba ya cikin jirgin. Ya karɓi ladansa, ya koma gida, ke da jariran mutane da tsofaffinsu ku ne a sama. Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba, ya fi masa alheri da ya ɗauki alhakin rayuka a kan shawarar da ya tsinta a bakin titi.

Dabarar ma ba ta ci. Ana haska manyan akwatuna a na'ura bayan an karɓe su. Ko a kira sunanki a lasifika ki zo ki buɗe, ko a cire abin, ko akwatin ya kwana a baya ki sauka babu kayan sawa.

Naki fawa bank ɗin yana da wata matsalar dabam. Ba da mAh ake auna iyakar girman batirin da aka yarda a shiga da shi ba, da Wh ne, wato ma'aunin yawan ƙarfin da ke ƙunshe a batir. Ki ninka 30,000 da 3.7 (volt ɗin batirin), ki raba da 1,000, ya ba ki 111Wh. Abin da bai wuce 100Wh ba yana shiga ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya amince, kuma guda biyu ne iyaka. Sama da 160 ba ya shiga ko ta wace jaka. Ni dai da ni ne ke, da na bar shi a gida na ɗauki mai 20,000mAh, wanda yake 74Wh. Ki duba rubutun da ke jikinsa yana karantuwa, domin wanda lambarsa ta goge jami'i yana da hurumin ƙwace shi.

Maganar ƙawarki rabinta gaskiya ce. Cajin waya daga soket ɗin kujera yawancin kamfanoni sun yarda da shi. Amfani da fawa bank a sama ne ake ta hanawa: Singapore Airlines ta hana daga Afrilun 2025, Emirates daga Oktoban 2025, ita ta ma taƙaita shi ga guda ɗaya ƙasa da 100Wh, kuma ba a sa shi a ma'ajiyar sama. A Sin, jiragen cikin gida ba sa karɓar wanda ba shi da tambarin 3C, shaidar ingancin kaya ta ƙasar. Kowane kamfani da nasa tsarin, sun kuma binne shi a can ƙasan shafukansu inda ba mai gani, sai matafiyi ya iso ƙofa a fara yi masa faɗa. Tunda za ki sauya jirgi, ki karanta na kamfanonin biyu.

Laftof da wayoyi su ma jakar hannu. Kada ki yi caji a ƙarƙashin bargo ko kina barci. Idan wayar ta zame cikin kujera, kada ki motsa kujerar, ƙarfenta na iya murƙushe batirin, ki kira ma'aikaciya. Idan kuma a bakin ƙofar jirgi aka ce wuri ya cika, za a kai jakar hannunki ƙasa, ki tsaya nan ki buɗe ta ki zare fawa bank da laftof kafin ki miƙa, ko da na bayanki suna tsaki.