Fatawa: Na rantse na daina yi wa ƙanena magana saboda ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan Barcelona ne, ƙanena ɗan Real Madrid. Kwanaki muna kallon wani shirin barkwanci mai dogon zango, aka nuno wani mutum mai zafin rai, an ci ƙungiyarsa, maƙwabcinsa ya shigo yana tsokanarsa, shi kuwa ya ɗauki kujera ya fasa talabijin ɗinsa da hannunsa. Aka tuntsire da dariya, ƙanena ya nuna ni ya ce, "Ga Yaya nan." Raina ya ɓaci, na zage shi, na rantse da Allah ba zan ƙara yi masa magana ba. Yau kwana 12 ke nan. Kallon irin wannan shiri ya halatta? Ba shi ne mai laifi ba, tunda shi ya fara? Yaya batun rantsuwata?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka sa batun kallo a gaba, amma shi ne mafi sauƙi cikin ukun.

Malaman wannan zamani sun saɓa kan wasan kwaikwayo. Akwai waɗanda suka hana, irin su Shaikh Bakr Abu Zaid, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi mai cewa bone ya tabbata ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Wasu, irin su Shaikh Ibn Usaimin, sun halatta da sharuɗɗa. Abin da na fi natsuwa da shi: mai kallo ya san labari ne aka shirya, ba a yaudare shi ba, don haka hukuncin yana bin abin da ke cikin shirin. In babu tsiraici, babu batsa, babu izgili ga addini, bai kuma sa ka jinkirta salla ba, ba ka yi zunubi ba. In akwai, a kashe.

Sai ƙanenka. Allah ya hana izgili a Suratul Hujurat, aya ta 11, kuma bai kyautu ƙarami ya mai da yayansa abin dariya a gaban jama'a ba. Ya yi kuskure. Sai dai hadisin Muslim ya ce zunubin masu zagin juna yana kan wanda ya fara, matuƙar wanda aka zalunta bai wuce iyaka ba. Shi kalma uku ya faɗa cikin raha, kai ka rama da zagi da gaba. Annabi (SAW) ya ce zagin Musulmi fasiƙanci ne, ya kuma ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba. Wannan a kan kowane Musulmi ke nan, balle wanda akwai zumunci tsakaninku. Ba ka faɗi irin zagin ba, ina dai fatan bai taɓa iyaye ba, don iyayen naka ne.

Bari in tambaye ka: mutum nawa ne a ɗakin, me ya sa kai aka nuna? Ba na jin dariyar ce ta ƙona maka rai. Ka dai ga kanka ne a jikin mai fasa talabijin, kuma ka gane mutanen gidanka sun riga ka gani.

Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u, ba a taɓa tsere mata ba. Wata rana wani mutumin ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai nauyi har aka gani a fuskokinsu. Sai Annabi (SAW) ya ce musu haƙƙi ne a kan Allah, babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya sauke shi. Ka duba da kyau. Bai zarge su don sun so taguwarsa ta yi nasara ba, wannan halin ɗan Adam ne. Bai nemi a sake tsere ba, bai ce mutumin ya yi maguɗi ba. Wannan taguwar Manzon Allah ce. To ina ga ƙungiyar da 'yan wasanta ba su san da zamanka ba, suna tashi su rungumi abokan karawarsu, wani ma baɗi ya koma ƙungiyar da ka tsana? Figo ya bar Barcelona ya koma Madrid a 2000.

Kada ka raina abin don sunansa wasa. Yaƙin Dahis da Gabra tsakanin ƙabilun Larabawa Absu da Zubyan a jahiliyya daga tseren dawakai biyu ya faro, aka ɗauki kimanin shekara 40 ana kashe juna. A filin Heysel na Brussels mutum 39 suka mutu a 1985 kafin wasan Liverpool da Juventus. A filin ƙwallon Port Said ta Masar sama da 70 suka mutu a 2012. Goyon bayan ƙungiya halal ne a asalinsa, amma ranar da ya zama ma'aunin so da ƙi ya shiga ƙabilancin da Annabi (SAW) ya ce a bari domin abu ne mai wari.

Kada kuma ka ce haka Allah ya halicce ka. Wanda ya nemi wasiyya wurin Annabi (SAW), "Kada ka yi fushi" ya yi ta maimaita masa, kuma shari'a ba ta umarni da abin da ba ya yiwuwa. Idan ka ji abin yana taso maka ka ce A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim, ka kame bakinka, in kana tsaye ka zauna. In ka san ba ka iya kallon wasan waɗannan ƙungiyoyi biyu ba tare da zagi ba, to a kanka kai kallonsa ya haramta har sai ka mallaki harshenka, don abin da yake kai mutum ga haram hukuncin haram yake ɗauka.

Rantsuwarka kuwa wajibi ne ka karya ta. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata mafi alherin, ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai 10 daga matsakaicin abin da kuke ci, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. Sai in ba ka da halin ko ɗaya za ka yi azumin kwana uku. Da yawa suna tsallakawa kai tsaye zuwa azumi alhali suna da abin ciyarwa, wannan bai isar ba. Fushin da ka yi bai sauke maka kaffara ba, tunda ka san abin da ka faɗa, har kana ƙirga kwanaki.

Ka yi masa sallama yau, kada ka jira ya fara. Bayan kun shirya, ka gaya masa ku biyu kaɗai cewa maganarsa ta yi maka zafi.

Wallahu a'alam.